Yadda Sama'ilu Ya Zama Injiniya

A gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Wanda zan gabatar muku ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne Injiniya Sama'ilu ɗan Hamma na Gidan Kanya, injiniya ɗaya tilo tsakanin Roni da Gwiwa, mutumin da in ya yi fashin aiki na yini guda rabin garinmu ba za su ga tuwo ba. Layi ake yi a ƙofarsa tun hantsi bai ɗaga ba. Ya yi furfura tun yana ɗan shekara ashirin, sai dai irin furfurar da ruwa ke wankewa ce, don garin dawa ne. Yatsunsa takwas. In ka gaishe shi bai amsa ba, ba girman kai ba ne, ka zagaya ta hagunsa ka sake.

Injin niƙa yake ja. Na faɗa muku tun yanzu don kada ku yi irin kuskuren da hedimastanmu ya yi.

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ina da lasin faɗa masa abin da na ga dama ko da ya ba ni shekara goma. Sunana Hussaini. Ina koyar da aji uku a firamaren garin, ba don na iya ba. Shekara biyu na yi a kwalejin horon malamai na gudo, sai ga gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, malamai suka yi kaɗan, aka bi gari-gari ana kamo irinmu. Sama'ilu yana kirana Malam Rabin Kwas. Ban taɓa musa masa ba.

Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Wani na ji daga uwata, wani daga bakinsa, guntu-guntu, a ranakun da gas ya ƙare inji ya yi shiru.

Ya shiga elemantare ne a zamanin da dagaci ke bi gida-gida yana neman yaran da za a ba makarantar En'e. A Roni makarantar take, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa. Wasu sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu, amma Kawu Hamma bai ɓoye nasa ba. Ya ce in alheri ne yaron ya samu, in wahala ce ai gona ma wahala ce. Yaron kuma sai ya fito da kan lissafi. Uwata ta ce tun yana aji biyu shi ake kira ya raba wa magada damman gero, manya na zaune suna kallo.

Shekarar da aka samu mulkin kai yana aji huɗu. A ranin shekarar aka zo yin gada a kan rafin da ke raba mu da hanyar Kazaure duk damina. Shugaban aikin baƙin mutum ne kamar mu, da gajeren wando da fensir a bayan kunne, sunansa Bartholomew, mutanenmu suka gyara masa shi ya koma Batalomi. Leburori suna ce masa injiniya. Yana da wani madubi mai ƙafa uku da yake kafawa a bakin rafi ya leƙa, ya ɗaga hannu, mutum talatin su matsa inda ya nuna. Sama'ilu kullum in ya taso daga makaranta sai ya tsaya nan ya yi ta kallo, har wata rana Batalomi ya gaji da ganinsa ya yafito shi ya ce ya leƙa.

Sama'ilu ya ce mini ya ga leburan da ke riƙe da sanda can ƙetaren rafi, kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama, lambobin jikin sandar ga su ɓaro-ɓaro kamar a tafin hannu. Batalomi ya ce ya karanta lambar, ya karanta. Ya ba shi wata ya ce ya cire daga ta farko, ya cire a ka, tun kafin mutumin ya zaro fensir. Batalomi ya dube shi, da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce, “Kai za ka iya wannan aiki. Ka yi karatu.”

Iyakar maganar ke nan. Amma ga yaron da bai taɓa jin an ce zai iya wani abu ban da noma ba, ta isa.

A wancan zamanin aji huɗu nan hanya ke rabuwa. 'Yan kaɗan su wuce babbar firamare ta kwana a Kazaure, sauran su koma gida. Da shekara ta zo ƙarshe malaminsu ya tambayi kowa abin da yake so ya zama. Wani ya ce ɗan doka, wani direban hakimi, mutum shida suka ce malamin haraji saboda yana da keke, wani yaro ya ce shi Bature zai zama. Sama'ilu ya ce injiniya. Malamin ya ji daɗi ƙwarai. Ran kasuwar Roni ya haɗu da Kawu Hamma wajen masu gishiri, ya riƙe masa hannu ya ce, “Malam Hamma, ɗanka injiniya yake so ya zama. Don Allah kada ka tare masa hanya.” Ya faɗi haka ya wuce, don a ganinsa ya gama bayani.

Kawu Hamma mutum ne da ba ya wasa da maganar malami. Bai tambayi yaron ba, don a wajensa ba a zama da yaro a yi shawara, yi masa ake yi. Ya ɗaura goro a gefen riga ya taka har Kazaure. A tasha ya tambaya, ina ake koyon injiniya a garin nan? Ba wanda ya yi masa ƙarya. Suka nuna masa bayan kasuwa, rumfar Maikasuwa, inda injin niƙa yake, wanda kowa a Kazaure ke kiran mai jansa injiniya. Kawu ya je ya durƙusa ya miƙa goro, Maikasuwa ya ce a kawo yaron.

Kawu ya dawo gida bayan la'asar, maza na zaune a ƙofar gida. Tun kafin ya sha ruwa ya sa aka kira Sama'ilu.

“Abin da kake so na samo maka,” in ji shi. “Ba sai ka yi shekara uku kana jira a wata makaranta ba. Ranar Asabar za ka fara.”

Mutane suka yi ta sa wa Kawu albarka, ana cewa uba ke nan. Sama'ilu ya ce mini ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya dubi ƙafafun tsohon, sun yi futu-futu, dunduniya ta tsage tana jini. Ya dubi mutanen. Sai ya ji bakinsa ya ce, “Na gode, Baba.”

Da malamin ya aiko a kawo yaro ya tafi babbar firamare, aka ce masa ai tuni yana Kazaure yana koyon injiniya. Kafin a gane inda aka saɓa an ba wani gurbin. Kawu Hamma har ya koma ga Allah bai san an yi kuskure ba. In baƙo ya zo sai ya ce, “Ɗana injiniya ne, shi ya zaɓa da bakinsa.”

Na taɓa tambayar Sama'ilu me ya hana shi gaya wa tsohon daga baya. Ya ce, “In gaya masa ya yi yaya?”

Shekara goma sha ɗaya ya yi a rumfar Maikasuwa. A shekara ta huɗu bel ya fizge masa yatsu biyu na hannun dama, aka ɗaure da tsumma, bayan sati biyu ya koma aiki. Da Maikasuwa ya sayi sabon inji sai ya ba shi tsohon ya ce ya je garinsu ya kafa. A kan amalanken shanu aka kawo shi, ta kan gadar Batalomi, wadda har yau ko tsagewa ba ta yi ba. Tun daga nan yake rumfar da ke bayan masallaci. Ya murɗa hannun inji da safe, ya zuba ruwa a durom, ya zuba hatsi ta sama ya tare gari ta ƙasa, har rana ta faɗi. Kunnen dama ya mutu tuntuni. Na hagu yana nan yana bin sawu.

Shekarun nan da kuɗin fetur ya shigo, kowa ya tashi. Sa'o'insa wasu suna Kano suna gadi, wasu suna Legas, wani da suka yi aji ɗaya ya dawo da farar mota da haƙorin Makka, ba wanda ya san aikinsa, kwangila kawai ake cewa. Ni kaina jakata a ɗaure take, kullum ina cewa wata mai zuwa. Sama'ilu ko tasha ba ya zuwa sai in gas zai sayo.

To, ga inda maganar take. Yana da 'ya, Lailatu, ita ce babba, ƙannenta biyu ko wando ba su fara sawa ba. Tana cikin yaran farko da aka kwasa lokacin makarantar kyauta, bana tana aji shida, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Kan uban ta ɗauko. Amma ita ce kunnensa. Masu kawo niƙa yawanci 'yan aike ne, ƙananan yara masu magana a ciki, ga ƙarar inji. Wani gida gari suke so mai laushi na tuwo, wani ɓarza suke so, wato a farfasa kawai ya zama tsaki. In aka saɓa, an ɓata wa gida abincin yini. Lailatu ke tsayawa a bakin ƙofa ta ji, ta juya ta yi masa alama: ta murza yatsu in gari ne, ta dunƙule hannu in ɓarza ce. Ta san ƙwaryar kowane gida. Da safe sai ta rage layi take tafiya makaranta, kullum a makare, da hutun tara ta ruga ta dawo, in an tashi ta zarce can.

Sabon hedimasta aka kawo mana wata biyu da suka wuce, Malam Peter, mutumin kudancin Zariya. A Roni yake zaune, babur ke kawo shi ya mai da shi, saboda haka garin bai gama saninsa ba. Lokacin aika sunayen masu jarrabawar shiga sakandare ya yi, ya ce ba zai aika sunan kowa ba sai uban ya zo ya sa hannu, don ya gaji da yaro ya ci a ce ba za a bar shi ya tafi ba. Sau uku yana aika wa “Malam Sama'ilu, uban Lailatu”, ba amsa. In ta ci, makarantar kwana ce, ko Kazaure ko Babura ko duk inda aka jefa ta. Ranar Juma'a kuma zai kai sunayen.

Na je na sami Sama'ilu da kaina. Na yi ta hagu, ya yi mini kunnen uwar shegu, alhali na san ya ji. Da na matsa sai ya ce, “In ta tafi wa zai ji mini?”

“Ka ɗauki wani.”

“Na ɗauka sau biyu. Ɗaya barci, ɗaya wasa.”

“To ka ce a'a mana, a san inda aka tsaya.”

Bai ce a'a ba. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure bel.

Ranar Litinin takarda ta zo daga ofishin ilimi, wai kafin jarrabawa kowace makaranta ta gayyato ma'aikata su yi wa yara bayanin ayyuka, don yaro ya san abin da zai nufa. Hedimasta ya aika wa malamin asibiti na Roni, aka ce babur ɗinsa ya lalace. Malamin gona yana Kano wajen kwas. Ya zauna a ofis ya yi tagumi, sai ya kira ni.

“Malam Hussaini, na ji yara suna cewa an aike su wurin Injiniya. Akwai injiniya a garin nan?”

“Akwai, ranka ya daɗe.”

“Na gaske?”

“Shekara ashirin da ɗaya yana aiki, ko hutu bai taɓa ɗauka ba.”

“Wane fanni?”

“Injina, ranka ya daɗe.”

“Me ya zaunar da shi a ƙauye?”

“Kishin jama'a.”

Zan so in ce dabara na yi don in jawo mutumin makaranta. Akwai wannan kaɗan. Amma gaskiya wasa ya fi yawa. Na ɗauka zan kai takardar, ya biyo ni da sifana, in yi sati ina ba da labari a teburin mai shayi.

Hedimasta ya rubuta wasiƙa da Turanci, ya buga hatimi. Na kai. Sama'ilu ya kashe inji, ya goge hannu a cinya, ya karɓa. Bai ce in karanta masa ba. Ya bi ta layi-layi da farin babban yatsansa, leɓɓansa na motsi, ya daɗe.

“Wa ya gaya masa ni injiniya ne?”

“Duk gari, taubashi.”

“Kai ne.”

“Ni ɗan saƙo ne kawai.”

“Ya san abin da nake ja?”

Na kau da kai. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

“Laraba, ƙarfe goma,” in ji shi. “To.”

Nan na gane da gaske zai zo. Na so in koma in gaya wa hedimasta gaskiya, na kai bakin ofis sau biyu ina juyawa.

Ranar Laraba da ƙarfe goma saura inji ya yi shiru. Sai da ya yi shirun muka san kullum da ƙararsa muke karatu. An tara 'yan aji biyar da shida a ɗaki ɗaya, sun fi saba'in, a ƙasa, don bencinmu uku ne kuma malamai ke kai. Sai ga shi tafe da rigarsa ta salla da hula, ya yi wanka, amma garin da ke girarsa da cikin kunnuwansa ya fi ƙarfin sabulu. Hedimasta ya fito da sauri yana miƙa hannu. Yara suka miƙe suka yi gaisuwar Turanci da aka koya musu. Sai wani daga baya ya ce, “Lah, Injiniya mai niƙa ne,” ɗakin ya ɗauki dariya.

Hedimasta ya dubi hannun da ke cikin nasa, mai yatsu uku. Ya dubi girar. Sannan ya juyo ya dube ni, ya faɗi wata magana da Turanci wadda, karo na farko a rayuwata, na gane ta duka. Lailatu tana layin gaba, ta kifa kai a gwiwa.

Zan faɗi alherin Malam Peter. Bai kore shi ba. Ya tsawata wa yara, ya jawo kujerarsa ya ce, “Bismilla, Malam.”

Sama'ilu bai zauna ba. Ya tsaya gaban allo, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

“Ni ba injiniyan da hedimasta ke nema ba ne. Kun sani, na sani, shi ma yanzu ya sani. Aikina kuma ba abin da zan gaya muku, kullum kuna zuwa. A zuba ta sama ya fito ta ƙasa.” Ya zaro takardar daga aljihu. “Takardar ta ce a tambaye ku abin da kuke so ku zama. Ba na ji daga nesa. 'Yan aji shida, kowa ya zo nan ya faɗa mini a wannan kunnen.”

Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya karkata kai. Duk abin da yaro ya raɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi, don ya tabbata ya ji daidai, saboda haka kowa ya ji na kowa.

Halliru ɗan mai unguwa ya fara zuwa.

“Alhaji,” Sama'ilu ya maimaita. “Alhaji ba aiki ba ne. Alhajin me?”

“Mai mota.”

“Ina ya samo motar?”

“Kwangila.”

“Kwangilar me?”

Halliru ya sosa ƙeya. “Kwangila dai.”

“Je ka tambayo. Na gaba.”

Muhammadu Lawal ya ce soja. Aka tambaye shi me soja ke yi in ya tashi da safe, ya ce ana tsoronsa. Wata yarinya ta ce nas, ya ce ta taɓa ganin nas, ta ce ta gani a kalanda. Wani ya ce shi Legas zai zama. Wani dogon yaro ya ce direba.

“Direban me?”

“Tirela.”

“Ka gaya wa ubanka?”

“Na ce masa direba.”

“Koma ka ce masa tirela. Ka faɗa sau biyu, ka kwatanta masa tsawonta. In ba haka ba ya haɗa ka da amalanke, kuma don yana sonka zai yi.”

Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba. Hedimasta na lura ya zaro littafi ya fara rubutu.

Haka ya bi su, mutum talatin da wani abu, ba wanda ya bari ya wuce da kalma ɗaya. Gwiwar ta gaji ya sauya ɗaya. Bai yaba wa kowa ba, bai kushe kowa ba, tambaya kawai yake sakewa har yaro ya kai inda saninsa ya ƙare, kuma ba ya nisa. Mu malamai muna tsaye jikin bango kamar waɗanda aka kama da satar kaza, don shekara shida muna tare da yaran nan ba wanda ya taɓa yi musu tambaya ta biyu.

Lailatu ba ta tashi ba sai da kowa ya gama. Ya dube ta.

“Ke fa?”

Ta zo ta sunkuya a kunnensa.

“Malama,” ya maimaita. “Malamar me?”

Tambayar tana kan hanya, don a wajenmu duk wanda ya riƙe biro malam ne. Akwai na asibiti, na gona, na dabbobi, na daji, na tsabta, har da irina. Ta sake raɗa masa wani abu. Wannan karon bai maimaita ba.

“Ban ji ba. Sake.”

Sai ta ɗaga murya, irin wadda ta saba yi a kan ƙarar inji, har 'yan aji ɗaya da ke ɗakin gaba suka ji.

“Ban san su duka ba, Baba. Uku kawai na sani.”

 Sama'ilu ya dafa allo ya miƙe, ya juya ga hedimasta.

“Ina ake sanin sauran?”

Sai lokacin Malam Peter ya haɗa lissafin. Ya zagaya ta hagu kamar yadda ya ga yara na yi. “Kai ne Malam Sama'ilun da nake ta aika wa?”

“Ni ne.”

“A gaba ake saninsu, Malam. Mu nan ba mu da abin nuna mata. Sai ta wuce gaba.”

“In ta wuce za ta samu?”

“Ban yi maka alkawari ba. Masu nema sun fi gurabun yawa. Amma in ba ta zauna jarrabawar ba, wannan na san amsarsa.”

Sama'ilu ya dubi ƙofa, can wajen rumfarsa, inda tun daga nan ana hango ƙore a jere a rana da yara zaune kusa da su suna jira. Ya shafa fuska. Ya ce, “Kawo takardar.”

Hedimasta ya kawo, har da tawadar dangwala yatsa. Sama'ilu ya ture tawadar gefe, ya karɓi biro da yatsun nan uku, ya rubuta sunansa da haɗaɗɗen rubutu irin na 'yan elemantaren da, wanda ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Akwai gurbin aikin uba. Hedimasta ya tsaya da biro a kai yana jira.

“Rubuta mai niƙa,” in ji Sama'ilu. “Ka rubuta shi yadda ba wanda zai ruɗe.”

Ya fita ba sallama. Kafin mu sallami yara mun ji inji ya tashi.

Ni an ba ni takardar gargaɗi shafi guda, da Turancin da ban gane rabinsa ba, na adana ta don ita ce takardar shaida ta farko da na samu a aikin nan. Sunaye sun tafi ranar Juma'a. Hedimasta kuma ya sa wa masu jarrabawa darasin safe tun ƙarfe bakwai da na yamma, saboda haka tun kafin ta ci ko ta faɗi Lailatu ta bar bakin ƙofar rumfa.

Kwana uku da haka Sama'ilu ya niƙe wa Gwaggo Dela masarar dambun suna ta zama gari lilis, tiya takwas. Ta zo da kanta ta tsaya a ƙofa ta wanke shi tas, tun daga kakansa. Ya tsaya hannu a baya yana kallon bakinta, rabin zagin ma bai same shi ba. Gidaje biyu sun fara aikawa Roni. Ya zana alama biyu da gawayi a bango, ɗaya ɗige-ɗige ƙanana ɗaya manya, don yaro ya nuna wadda aka aiko shi, amma yara suna nuna wadda ta fi kusa da su. Yanzu kowane ɗan aike sai ya kashe inji ya durƙusa ya tambaye shi, sannan ya sake murɗa hannun ya tayar. Sau ashirin a yini, sau talatin. Kafaɗarsa ta fara karkacewa. Jarrabawa saura wata guda, sakamako kuma sai bayan damina ta sauka, in ya zo.

Ranar Asabar na je rumfarsa. Na same shi ya kashe inji yana zaune a kan gwangwanin gas, ya jingina kai da bango, ido a rufe. Na tsallake ƙore na je ta hagunsa, na gyara murya.

“Taubashi, ka dai san ni na shirya abin nan tun daga farko. Dabara ce. Amma ban zo karɓar godiya ba. Na zo in gaya maka abin da ka yi a ajin nan, masu digiri ba su yi shi ba. Zan rubuta tarihinka kaf, tun daga gada har yau, a buga a Kano, a karanta a rediyo, duk jihar nan a san akwai mutum a Gidan Kanya.”

Ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya dubi ƙasa.

“To,” in ji shi. “Ɗaga ƙafarka, kana taka geron mutane.”